Tsarabar Daura: Ruwan Kusugu da Reshen Kariya

Wanda ya je Daura yawon buɗe ido da wuya ya komo gida babu gorar ruwa a jakarsa. Gorar roba ce irin wadda ake saye a tasha, an shanye na cikinta tun a hanya, aka sake cika ta a bakin rijiyar Kusugu. In an iso gida, Kano ne ko Zariya ko Damagaram, sai a bi kowa da kurɓi ɗaya. Tsohuwa ta shafa nata a fuska tana sa albarka, yara su kewaye matafiyi da tambaya ko ya ga macijin rijiyar da idonsa. Kafin mako ya zagayo ruwa ya ƙare, gora ta koma hannun mai ƙulla zoɓo, tafiya ta rage daga labari sai hotunan cikin waya.

Su kuwa hotunan nan suna da wani hali. Ranar da aka ɗauke su mutane kawai ake dubawa: wane ya runtse ido, wance ɗankwalinta ya zame, ga dokin wani hakimi ya gifta ya ɓata hoto. Sai an kwana biyu, ran da kewa ta motsa aka koma ana latsa waya, sannan ido ke sauka kan abin da ke bayan mutanen. Ga jan fure ya leƙo ta saman katanga. Ga wata guntuwar bishiya mai tumbi a ƙofar wani gida, ba ganye ko ɗaya a jikinta, amma ta cika da fure ruwan hoda. A nan ake tuna zafin ranar, da ƙurar da ta shiga maƙogwaro, da wani ƙamshi da ya bugi hanci da magariba a cikin lungu, wanda a lokacin ba a tambayi daga ina yake ba.

Furen da ke cikin hoto ya fi tufafin da aka sa iya faɗin lokacin da aka yi tafiyar. Yawancin baƙin Daura a bukukuwa suke zuwa: Ƙaramar Salla, Babbar Salla, da Sallar Gani ta watan Maulidi, bikin da garin ya yi suna a kansa. Watannin Musulunci kuwa suna ja baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, sai sun zagaye damina da rani a cikin shekara 33 ko kusa da haka. Maulidin 2016 a Disamba ya faɗo, tsakiyar hunturu, mangwaro na shirin fure, gawo ya yi kore shar a gonakin da aka riga aka girbe. Na 2024 a tsakiyar Satumba aka yi shi, gero ya nuna, kuɓewa na fure a bayan gida, kududdufai cike da bado. Mutum biyu da suka je a waɗannan shekaru, in suka zauna hirar Daura, sai ka rantse garuruwa biyu suke ba da labari.

Hanya da rijiya

Daga Kano hanya ta bi ta Dambatta da Kazaure, tafiyar awa biyu da ɗoriya in mota na da lafiya. Daga Katsina ta fi kusa, wajen kilomita 80. Da an bar duwatsun Kazaure a baya ƙasa sai ta miƙe ta zama rairayi, itatuwa su yi nesa da juna, kuka da aduwa da goriba da gawo, sai tumfafiya a duk inda gona ta gaji. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5, Daura da Sandamu da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa, biyun ƙarshe ma sunayen itatuwa suke amsawa. Arewacinta iyakar Nijar ce. Wanda ya zarce ta Kwangwalam, Damagaram ya nufa.

Rijiyar tana cikin tsohon gari, ba nisa da fadar Mai Martaba. Baƙi da yawa sukan zo da hoton wani ƙaton rami mai duhu a zuci, sai su tarar da ɗaki an gina a kanta, bakin rijiya madaidaici, ga guga a ajiye. Mutanen gari suna faɗa wa kowa cewa ba ta taɓa ƙafewa ba. Mutum ya zura guga da hannunsa, ya ja, ya sha, a ɗauke shi hoto.

Labarin rijiyar kuwa, kowane ɗan firamare a ƙasar Hausa ya san shi, ko da a gurguje. Abuyazidu, wanda aka fi sani da Bayajidda, ya taso daga Bagadaza, ya zauna a Borno, ya baro ta da gudu, ya biya ta Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura cikin dare. Ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwan da zai sha ya ba dokinsa. Ta ce babu, domin macijin da ke cikin rijiya, wanda ake kira Sarki, ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo ya karɓi guga ya tafi. Maciji ya riƙe guga, shi kuma ya jawo shi ya sare kansa. Da gari ya waye sarauniya Daurama ta nemi wanda ya yi aikin, ƙarshenta dai aka yi aure. Ɗansu Bawo ya haifi 'ya'ya 6 da suka mulki Daura, Katsina, Zazzau, Gobir, Kano da Rano. In aka haɗa da Biram, ta ɗan da Bayajidda ya haifa da matarsa ta Borno, Hausa Bakwai sun cika.

Masana tarihi sun daɗe suna jan wannan labari kamar igiyar guga. H. R. Palmer ya buga shi da Turanci a 1928. Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya kafa hujja cewa Hausawa da harshensu sun girmi zuwan wani baƙo guda. M. G. Smith ya rubuta littafi sukutum kan tsarin sarautar Daura, ya fito a 1978. Wasu na ganin labarin inuwar sauyin mulki ce, daga hannun Magajiyoyin da suka fara sarauta a Tsohon Birni zuwa hannun maza. To, amma baƙon da ya tsaya bakin Kusugu a watan Afrilu, rana na dukan ƙeyarsa, akwai ɓangaren labarin da ba ya bukatar malami ya fassara masa. Gari guda, da mata da yara da dabbobi, ana ba su ruwa rana ɗaya cikin bakwai. Jarumin da garin ya zaɓa ya riƙa tunawa bai ci kowa da yaƙi a Daura ba. Ruwa ya sakar wa mutane.

Daga rijiya sai fada, mai soraye masu kaurin bango da ke riƙe sanyi ko da rana ta take, inda ake ajiye da takobin da ake dangantawa da Bayajidda. Gidan ya ga juyi. A 1805 mayaƙan jihadin Shehu ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci garin, sarkin garin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita, zuriyarsa suka ci gaba da sarauta a Zango da Ɓaure kusan shekara 100, har Turawa suka maido da ɗaya daga cikinsu, Malam Musa, a farkon mulkinsu. Sarki Abdurrahman ya yi shekara 55 a kan karaga, daga 1911 zuwa 1966. Muhammadu Bashar ya gaje shi har 2007, sai Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar. Sarautar Magajiya ma ba ta mutu ba, har akwai hawa guda a bikin Salla mai sunanta. Ranar hawa, da kakaki da algaita, mahaya na jinjina, dogarai na amsawa Sarki ya gaishe ku, babu mai kallon fure, kuma ba a ga laifinsa ba.

Har gobe ruwa ne mai yanke hukunci a wannan yanki. Abin da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba. Sauran wata 8 sai rijiya da burtsatse da 'yan garuwa masu tura kura cike da jarkoki. A bazara zafi yakan haura 40 a ma'auni. Matar da ta sayi jarka biyu da kuɗin cefane ta san inda kowane moɗa zai tafi, kuma duk tsiron da ke tsakar gidanta sai ya kawo hujjar da za a ba shi ruwa.

Wai babu fure a Afirka

A 1993 wani Baturen Ingila masanin al'adu, Jack Goody, wanda ya yi shekaru yana bincike a arewacin Gana, ya fitar da littafi kan matsayin fure a al'adun duniya. Babinsa na farko tambaya ce, ko babu fure ne a Afirka. Abin da ya lura da shi, a Indiya da Sin da Farisa da Turai ana noman fure don ado, ana kai shi wurin ibada, ana yi masa waƙa, amma a akasarin Afirka kudu da Sahara 'ya'ya da ganye da saiwa aka sa wa ido.

Bahaushe zai iya jin haushin tambayar, sai dai akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Ba a san shi da kai wa mara lafiya damin fure ba, lemo da ayaba yake riƙawa. Ba ya ɗora fure a kan kabari. Saurayin da ya je zance da fure a hannu, in ba a fim ba, ƙannen budurwa sun samu abin dariyar mako. Kalmar fulawa ma da ake kiran furen ado da ita aro ce, ta zo ta yi karo da fulawar burodi.

Kuskuren mai tambayar shi ne inda ya duba. A shiga gidan gargajiya a Daura, a wuce zaure, a nufi kusurwar da ake wanke-wanke da alwala, inda ruwa ke malala. Nan ne lambun matar gida. Akwai lalle, wanda ganyensa ke ƙawata hannun amarya. Furensa ƙanana ne farare a cunkushe, masu ƙamshin da ke cika gida bayan faɗuwar rana, kuma sau da yawa shi ne ƙamshin nan da baƙo ya ji a lungu. Akwai zogale, ganye na kwaɗo, fure na ƙudan zuma. Akwai ɗaɗɗoya a tsohon kwano, ana sa ta a miya, ana kuma cewa tana korar sauro. Da damina soso ya haye danga da furensa rawaya, duma ya bi rufin ɗaki yana buɗe farin furensa da yamma. Duk ruwan da aka riga aka yi aiki da shi suke sha, kuma kowanne yana biyan kuɗin hayarsa. Amma ba za a ce don amfani kaɗai aka bar su ba. Lalle ana samunsa a kasuwa da araha, a niƙe ma. Wadda ta dasa shi a bakin ɗakinta, ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki, tana neman wani abu da ba a aunawa a mudu.

Furen da ruwa ya hana a shuka kuwa, zana shi aka yi. Yana jikin langa da fanteka da uwa ke jera wa 'yarta, yana kan zanen gado da matashin kai da 'yan mata ke yi wa ɗinkin hannu, yana cikin atamfa, yana goshin manyan motoci. Harshe ma ya ajiye shi; kyakkyawar da tushenta bai yi kyau ba furen juji ake ce mata. Da likitan nan ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ɗaruruwa ya samu, har da na ƙananan ciyayin da ba a ci ba a sayarwa.

Mafi girman furen Daura ba a tsakar gida yake ba, kuma baƙi ba su cika ganinsa ba domin da dare yake fitowa. Na kuka ne. Gab da faɗuwar damina takan sako wasu ƙulle-ƙulle masu dogon mariƙi suna reto, da magariba su buɗe su zama fararen furanni masu faɗin tafin hannu. Jemagu ke zuwa shan zaƙinsu, su ne kuma ke ɗaukar garin fure daga wannan kuka zuwa waccan. Washegari furen ya yi yaushi, ya dafe, ya faɗo. 'Ya'yan kukar da ake damawa a nono wata da watanni bayan haka, a wannan dare guda aka ɗauki cikinsu.

Bagaruwa takan yi ado da ƙananan dunƙule rawaya kafin ta ba majema 'ya'yan da suke jima da su. Gawo kuwa mai taurin kai ne: da damina, lokacin da kowa ke tofo, shi kaɗe ganye yake yi, sai kaka ta wuce ya yi kore ya yi fure. Manomi na son wannan hali, domin gawo ba ya yi wa gero inuwa, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi. A tsallaken iyaka, wajen Matamaye da Magariya, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin kututture ya tofo a gona maimakon a ƙone shi. Sassabin zamani suke ce wa abin, an kuma ƙiyasta cewa ya farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Wanda ya zarce Damagaram daga Daura zai ga gawo a jere a gonaki, ba kowa ne ya dasa su ba.

Akwai furen da baƙo ɗan birni kan sa direba ya tsaya dominsa. A ƙarshen damina za a ga gona ta yi ruwan hoda mai sirkin shunayya a gindin dawa ko gero, gwanin ban sha'awa, a sauka a yi hoto. In mai gonar na kusa ba zai yi murmushi ba. Ƙuduji ke nan, wanda wasu ke kira wuta-wuta, kyan ɗan maciji. Tsabarsa kamar ƙura take, tsiro ɗaya yakan zubar da dubun dubata, tana kuma iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 tana jiran saiwar hatsi ta matso. Da ta ji saiwa sai ta tsiro ta maƙale mata, ta riƙa zuƙe ruwa da abincinta tun tana ƙarƙashin ƙasa. Kafin furen ya fito a gani, ɓarna ta riga ta auku. Gonar da ta gaji ya fi so, shi ya sa maganinsa taki ne, da juya shuka, da cire shi kafin ya zuba tsaba, da irin da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya da takwarorinta suka daɗe suna aikin fitarwa.

Yakuwa ita ce ta haɗa kyau da kuɗi. Furenta fari ne mai ɗan rawaya, da jan ido a tsakiya, ba ya wuce yini ɗaya. Abin da ake jiƙawa a yi zoɓo kwanson da ke riƙe da furen ne, wanda ke kumbura ya yi ja bayan fure ya faɗi. A da gefen gona ake yafa ta, ta zama iyaka tsakanin maƙwabta. Yanzu buhu-buhu ake tarawa daga ƙauyukan Katsina da Jigawa, a bi da ita ta kasuwanni irin su Maigatari da Dawanau, a ɗora a jirgin ruwa a Legas. Meziko na cikin manyan masu saye. Can ruwan Jamaika suke kiran abin shan.

Baƙi a kan katanga

Furen ado zalla, wanda ba a ci ba a sha, yawancinsa da Turawa ya shigo. Ya zauna a barikinsu da gidajen ma'aikata da makarantun kwana, sannan ya bazu. Shi ya sa akasarin abin da ke leƙowa ta katangar sababbin unguwanni baƙo ne, kamar Bayajidda. Jan nan mai ƙaya da ke hawa bango, boganbiliya, ɗan Burazil ne, an raɗa masa sunan wani Bafaranshe jagoran jirgin ruwa na shekarun 1760. Abin da ake gani ja ko shunayya ma ganye ne mai laushi kamar takarda, furen gaskiya ɗan mitsitsi ne fari a tsakiya. Yana son ƙasarmu, domin in ya ji ƙishi ne ya fi yin fure. Bishiyar nan mai faffaɗan kai da ke yin ja wur a ƙarshen bazara kamar an cinna mata wuta, daga tsibirin Madagaska take. Hatta bedi, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, wanda yau ba a iya tunanin titin Daura ko Katsina babu inuwarsa, daga yankin Indiya aka kawo shi, ta Borno ya fara a shekarun 1920. Yana da ƙananan fararen furanni masu ƙamshin zuma a farkon bazara, amma ɗacin ganye ya ɓata masa suna, ba mai yabonsa da fure.

Burtsatse mai aiki da hasken rana ya sauya lissafi a 'yan shekarun nan. Gidan da ke da tanki a sama yana iya renon abin da kakanni ba su iya ba, masu sayar da dashe a cikin baƙar leda sun ƙaru a bakin titunan Kano da Katsina, aikin gadina ya zama sana'a. Sai dai akwai kwalliyar da ba ta biyan kuɗin sabulu. A garuruwan arewa an saba ganin sabon gini an shimfiɗa masa ciyawar Turawa da fulawoyi masu shan ruwa safe da yamma saboda ranar buɗewa. Manyan baƙi na tafiya, famfo ya lalace, kafin hunturu ya fita sai kara.

Tsofaffin biranen Musulmi masu ƙarancin ruwa ba haka suka yi ba. Marakish ta Maroko ruwan samanta bai kai rabin na Daura ba, amma lambunanta na Agdal da Menara, waɗanda sarakunan Muwahhidai suka kafa tun ƙarni na 12, suna nan ana zuwa kallo. Gaskiya ne tana da gatan da Daura ba ta da shi, ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Atlas, wanda aka jawo ta magudanan ƙarƙashin ƙasa aka tara a manyan tafkuna. Abin lura shi ne abin da aka shuka: zaitun, lemo, rumman. Itatuwa ne masu inuwa da ƙamshi da 'ya'yan da ake kai wa kasuwa. Lissafin sarkin Marakish da na matar da ta dasa lalle a bakin makwarara ɗaya ne, faɗin fili ne ya bambanta.

Zancen ya shafi Daura yanzu fiye da da, domin baƙinta ƙaruwa suke yi. An buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta garin aka tsara ya bi. Tun da tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yulin 2025, aka binne shi a gidansa na Daura ranar 15, garin ya sami wani dalilin ziyara. Katsina kuma na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin katangar itatuwa ta Afirka ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare hamada. Duk wanda zai yi wa tasha ko harabar makaranta ko hanyar Kusugu shuka, ba sai ya yi nisa neman iri ba. Lalle, zogale, bagaruwa, kurna, tsamiya, duk sun san halin bazarar Daura.

Guntuwar bishiyar nan mai tumbi ta cikin hoto ma tana cikinsu. Kariya ce, kuma 'yar ƙasa ce. Daga Senegal har Sudan da kudancin ƙasar Larabawa da kanta take fitowa a daji. Tumbin rumbun ruwa ne. Da rani takan zubar da ganye don kada ta yi asarar ko ɗigo, a lokacin ne kuma take yin fure, ruwan hoda a baki, fari-fari a ciki, daidai sa'ad da komai ya bushe. Ita ma tana da nata kyan ɗan macijin, domin ruwan jikinta guba ne, mafarauta a sassan Afirka sun daɗe suna shafa shi a kibiya. Manoman fure a Tailan sun ɗauke ta sun yi ta aure tsakanin iri-iri, suka fitar da mai ninki biyu da mai ja wur da mai ratsi, ana sayarwa ko'ina a duniya, har takan dawo biranen Afirka a cikin tukunyar roba da tsadar baƙon kaya.

Mai ziyarar da ya gan ta a ƙofar wani gida, in ya yi sallama ya gaida dattijo ya ce, Baba, a taimaka mini da reshe ɗaya, da wuya a hana shi. Reshe ba ya tsoron tafiya, zai kwana a bayan mota har Kano ko Zariya bai ji komai ba. In an isa ba a dasawa nan take. A ajiye shi a inuwa kwana uku ko huɗu bakin yankan ya bushe, a wanke hannu da sabulu, a nisanta shi da yara da awaki. Sannan a sami tsohuwar tukunya mai huji a gindi, a cika ta da rairayi da ɗan taki, a kafa shi inda rana ke duka sosai. Wanda aka dasa daga reshe ba ya yin ƙaton tumbi irin na wanda ya fito daga tsaba, amma furen ɗaya ne. Abin da ke kashe kariya a hannun sababbin masu reno yawan ban ruwa ne, gindi ya ruɓe. Ruwan gorar nan ta Kusugu, in an rage rabi ba a rabar duka ba, ya ishe ta na farko da na biyu.